Saƙon Gwaggo Zuwa Gudel

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinta da ke gidanmu na Bobiyel a Yamai, bayan jinyar da ta gajiyar da ita, ta gajiyar da mu. Kafin rana ta take gida ya cika. Matan zumunta na majami'armu suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suna rera waƙoƙin ta'aziyya a hankali, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, wasu su ce sai haƙuri, wasu su ce fonda tilas da Zabarmanci. Babana, wanda shi ne ƙanenta, ya iso daga Maraɗi washegari. Ya zauna bakin ƙofa da hula a gwiwa, duk wanda ya gaishe shi sai ya ce, "Ita ta goye ni." Bai ƙara komai a kai ba har aka yi jana'iza.

Tsofaffin ɗalibanta ne suka ba mutane mamaki. Wani babban ma'aikaci ya zo daga unguwar Filato da mota mai baƙin gilashi, ya durƙusa gaban babana ya yi gaisuwa. Da zai miƙe sai ya hangi wani mai gyaran babur a ƙarshen rumfa, ya ɗaga murya ya ce, "Tawa! Kai ne?" Wancan ya ce, "Agadas! Ka yi tumbi." Suka rungume juna suna dariya, dariyar ta koma kuka. Wata mai sayar da kifi ta ce ita ce Gaya. Wani jandarma ya ce shi Difa ne, kuma kullum shi rana ke duka, don Difa ba ta taɓa faɗawa inuwar bishiyar bedi ba. Pasto ya rasa gane abin da suke nufi da kiran kansu da sunayen garuruwa, sai da na yi masa bayani.

Ni kuwa ina zaune cikin mata ina amsa gaisuwa, bakina na cewa amin, zuciyata na unguwar Gudel. Wata biyu kafin rasuwarta Gwaggo ta aike ni wurin wata mata a can, tsohuwar ɗalibarta, in roƙa mata gafara, in kuma zo da ita idan ta yarda. Na ce to. Ban je ba. Duk wanda ya riƙe hannuna ya ce na yi ƙoƙari da jinya, sai in ji kamar in janye hannun. Pasto ya ce in rubuta abin da za a karanta a majami'a, na rubuta yabo shafi biyu aka karanta, mutane suka share hawaye. Babu ƙarya a ciki, amma ba shi ke nan ba, shi ya sa na sake ɗaukar biro.

Gajeruwa ce, mai babbar murya, tafin hannunta duk ya tsage saboda alli. Ta zo Yamai tana amarya, ta biyo mijinta da ke aikin jinya, ya rasu ya bar ta ba ɗa. Ni aka ba ta ina 'yar shekara shida. A gida Gwaggo ce, a lakwal, wato makaranta, Madam, kuma ranar da na yi kuskuren kiran ta Gwaggo a aji sai da na share fili ni kaɗai. Duk darussan firamare take koyarwa kamar kowa, amma ranta na ga tarihi da labarin ƙasa da zaman jama'a, abin da yara ke kira istuwar-jewo. Sauran malamai na jin tsoron darasin nan don yara barci suke yi a cikinsa. A ajin Gwaggo babu wanda ya samu wurin barcin.

Ranar Litinin da safe takan ɗaura gwangwanin toka a bayan ƙaramin baburinta, mobilet. Tun daren Lahadi nake tankaɗe tokar, aikin da na tsana ke nan a duniya. Tana isa sai ta tsaya ƙofar aji ta ce, "Ku tashi, ba da gindi ake sanin ƙasa ba." Ta fitar da yara fili, ta zana taswirar Nijar da toka a ƙasa, babba, daga bakin famfo har katanga. Kowane yaro ta ba shi gari ya tsaya a kai, kuma garin nan nasa ne har shekara ta ƙare. Yarinya ɗaya ke riƙe buta ta tsiyaya ruwa daga iyakar Mali zuwa Gaya, ita ce kogi. Sai a zaɓi wani ya zama kamyo, babbar motar kaya. Ya ɗauko albasa daga Galmi, dole ya tsaya kowane gari da ke kan hanyarsa, ya gaishe shi da harshen mutanen wurin, ya tambaye shi me yake nomawa, me yake sayarwa. Wanda ya tsallake gari, ko ya nemi kifi a Bilma, sai Gwaggo ta ce motarsa ta mutu, ya koma tasha. Yara na ihu, ƙura na tashi, malamin ajin kusa na rufe taga yana tsaki.

Wata rana anspekta ya zo duba aiki ba zato, ya tarar da aji wayam. Aka nuna masa bakin famfon unguwa. Can ya same su, yara sun kewaye 'yan garuwa da kaye, littafin rubutunsu, a hannu suna tambayar su daga wane gari suka zo, me ya raba su da gida, gida nawa suke kai wa ruwa a yini. Anspekta ya ce, "Madam, ina taƙaitaccen darasin da suka rubuta?" Ta ce, "Mushe, ga su nan tsaye, zaɓi wanda ka ga dama ka tambaye shi mi ya sa mutum ke barin ƙauye shi taho birni." Bai tambaya ba. Ya rubuta abin da ya rubuta a takardarsa ya tafi. Waɗanda suka fara aiki bayanta sun zama darektoci tana kallo, ita ta ajiye aiki tana malamar aji. In an taɓo zancen sai ta ce ita kujera na sa mata ciwon baya.

Tana da wani darasi da take kira ɗanɗanon ƙasa. Ta dafo dambu da kopto, ganyen zogalen nan da ake kwaɗawa, ta zo da shi a babbar roba, ta ce yau za a koyi abin da ƙasarmu ke ci. Ta zaɓi alƙalai biyar ko shida su ɗanɗana su faɗi me da me ke ciki, daga ina kowanne ya fito. Sai da na girma na lura alƙalan nan ba sa canjawa, kuma su ne waɗanda ke zuwa lakwal ba su karya ba. Ba ta taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa nuna mata na gane ba. Haka alherinta yake, a rufe, kuma ta yi imani cewa in ta rufe shi babu mai gani.

Ni ma malama na zama, ba don ina so sosai ba, sai don ban san wani aikin ba. Ajina rumfar zana ne, yara sun ninka nata, wasu a benci wasu a ƙasa. Nakan rubuta darasi a tabulo, allon aji, su kwafa, su rera, a tashi. Wata rana bayan ta ajiye aiki sai ga ta ta shigo, ta zauna can baya kamar uwar wani. Ba ta ce uffan ba sai da muka koma gida, ina tuɓe takalmi.

"Yaranki sun san bayanki sarai," in ji ta. "Da an ce su zana shi da duk sun ci."

Na ce, "Gwaggo, ke da yara arba'in kika yi wasanki. Zo ki fitar da nawa fili ki gani in za ki maido rabinsu."

"Wasa kika ce?"

"Na gaji, Gwaggo. Ba kowa ba ne ke."

Mako guda ba mu yi magana ba ban da ina kwana. Muna cin tuwo kwano ɗaya kowa na kallon gefensa. Ranar Litinin ta biyu na fito na tarar da gwangwanin toka a bakin ƙofata, ta tankaɗe da kanta. Na ɗauka na tafi da shi don kar a ce na ƙi, na zana taswira ta fito kamar tulun da ya fashe. Yara sun ji daɗi, ni na dawo da ciwon kai da dasasshiyar murya. Ta tambaye ni wa na ba Zindar, na faɗa mata, shi ke nan muka shirya.

Abu ɗaya ne ta taɓa hana ni. Da na fara jin daɗin salon nata, na ce zan ba yara aikin gida, kowa ya tambayi tsohuwar gidansu daga ina kakanninsu suka zo, mu zana hanyoyin a taswira. Ina tsammanin za ta yaba. Sai ta ajiye cokali ta ce, "Kul. Kar ki kuskura." Na tambayi dalili ta tashi ta shige ɗaki. Shekaru suka wuce ban ji dalilin ba, sai da ciwo ya kwantar da ita.

Da la'asar ne, ina shafa mata mai a ƙafa, aka ɗauke wuta, zafi ya cika ɗakin. Ta ce in bar ƙafar in saurara. Ta ce a shekarunta na farko a Yamai, lokacin tana koyarwa a wata lakwal ta wajen Gudel, ta ba da aikin gidan nan. A wurinta labari ne mai daɗi. Mu a gidanmu kowa ya san kakanmu ya baro ƙauye da jaki ɗaya, kuma dariya ake yi in an tuna. Ba ta san nauyin da tambayar ke da shi a wasu gidaje ba. Yara suka kawo labarai, ana tafi. Sai yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta miƙe, ita ce ma mai riƙe buta, ta faɗa da Faransancinta mai kyau cewa kakar kakarta daga hayin kogi aka kamo ta tana ƙarama, aka kawo ta gidan wane, kuma tun daga nan suke zaune a bayan gidan. Wani yaro ɗan gidan da ta ambata yana layi na uku. Ya ce, "E, namu ne." Aji ya fashe da dariya.

"Na mare shi," in ji Gwaggo. "Ban taɓa marin ɗan kowa ba sai rannan. Washegari baffanninshi sunka cika ofishin darekta. Wanga duk bai dame ni ba. Ita ɗiyar ce. Na yi ta lallaɓa ta, na ma amshe butar na ba wata, don kar a ce ita na maida mai ɗaukar ruwa. Duk da haka da aka koma hutu ba ta dawo ba. Ni na tona mata asiri gaban yara, ni na hidda ta lakwal."

Ta faɗa mini sunanta da na mahaifinta, sunayen da ba zan rubuta a nan ba. Ta ce ta ji labari tana noman lambu a bakin kogi. Na ce me ya hana ta zuwa da kanta duk shekarun nan. Ta ce sau biyu tana kai wa bakin unguwar tana juya mobilet. "Ki tahi ki ce mata Madam na roƙon gahwara. In ta yarda ki taho da ita in gan ta."

Ina da dalilai, kuma duk na gaskiya ne. Lokacin jarrabawa ne, takardu sun taru. In na taso daga lakwal akwai wanki, akwai magani, akwai juya ta a gado don kar bayanta ya yi ƙuraje. Daga Bobiyel zuwa Gudel sai an canja taksi, rana kuma ba ta da imani a watannin nan. Amma in zan faɗi gaskiya kunya nake ji. Ban san yadda zan tsaya gaban matar da ban sani ba in tono mata abin da wataƙila ta binne ba. Gwaggo ta tambaye ni sau ɗaya, na ce sai Asabar. Ta sake tambaya, na ce Asabar mai zuwa. A karo na uku na gaji da idonta, na ce na je ban same ta ba, an ce ta tashi daga unguwar. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta ce, "To. Sannu da wahala, ɗiyata." Ba ta ƙara ta da zancen ba, bayan kwana goma kuma magana ta ɗauke gaba ɗaya.

Da baƙi suka watse, aka naɗe rumfa, na shiga taksi da safe na tafi Gudel. Ban sha wata wahala ba. Mutum na biyu da na tambaya ya nuna mini lambun da yatsa. Na same ta tana ba salati ruwa, doguwar mace, ta girme ni da 'yan shekaru, zanenta a ɗaure sama da gwiwa. Na yi sallama, na ce ni ɗiyar Madam ce wadda ta koyar da ita, kuma Madam ta rasu. Ta ajiye abin ban ruwan a hankali, ta goge hannu a zane.

"Madam mai toka?" in ji ta. "Kala suuru. Allah ya ba ku haƙuri."

Ta jawo mini bokiti ta kife na zauna, ita ta tsuguna. Hausarta ta kasuwa ce, tana faɗin magana kai tsaye ba kwana-kwana. Na isar da saƙon yadda aka ba ni, har da ranar, har da yaron, har da dariyar. Tana saurara tana cire ciyawa daga gefen kunyar salati. Da na gama sai ta girgiza kai.

"Ba wannan ba ne," ta ce. "Maganar gidanmu kowa ya sani a Gudel. Yaron nan tun muna wasan ƙasa yake faɗa mini, ni kuma ina dukansa. Ranar nan ban ji kunya ba. Murna nake, labarina ya fi na kowa tsawo, kuma ban yi kuskure ko ɗaya a Faransancin ba. Na zauna ina jiran Madam ta ce ya yi kyau."

Na ce, "To me ya fitar da ke?"

"Washegari ta karɓe buta. Ni ce kogi tun farkon shekara, ta ba wata, ba ta ce mini don me ba. Ta daina kallona a ido. In na ɗaga hannu sai ta kira wani. In na yi kuskure, da can za ta yi mini faɗa har in yi kuka, yanzu sai ta ce ba komi, zauna. Ranar abinci ta sa ni cikin masu ɗanɗana, ni da ban taɓa zuwa da yunwa ba. Yara ba wawaye ba ne, sun gani. A nan na gane ashe abin kunya na faɗa. Mutumin da na fi so a duniya ne ya nuna mini. Babana ya ce in koma, ni na ƙi."

 Na zo da shirin kare Gwaggo, in ce ba ta sani ba, baƙuwa ce a lokacin, amma laifin da na zo karewa daban, wanda aka ajiye gabana daban. Na ce tausayi ne ya sa ta yi haka. Matar ta ce ta sani, ai ta girma, tana da jikoki a lakwal yanzu. Ta ce ta daɗe tana son ta gamu da Madam ko a kasuwa ne, ta gaya mata, ba don faɗa ba, don dai ta sani. Ta ce har yau in tana jan ruwa a kunya takan tuna garuruwan da kogi ke ratsawa, a jere, ba ta manta ko ɗaya ba.

Sai ta ɗago ta dube ni. "Yaushe ta aiko ki?"

Da na ce mata daf da rasuwa ne, da ta yarda, don babu mai ƙaryata ni. Amma na riga na yi ƙarya ɗaya a kan saƙon nan, ba ni da ƙarfin ta biyu. Na ce wata biyu ke nan da 'yan kwanaki.

"Tana magana lokacin?"

"Tana yi."

"Tana gane mutane?"

"Sarai."

 Can ƙasa wani na ta fama da injin ban ruwa ya ƙi tashi. Ta ce, "Da kin zo da na bi ki a ranar. Ko wanka ba zan tsaya yi ba." Ta miƙe ta ɗauki abin ban ruwanta. "Na yafe mata. Tsakani da Allah na yafe. Sai dai ban san wa za ki kai wa ba."

Ta cika mini leda da salati da tumatir, ta ce a kai gidan makoki, ta ƙi karɓar godiya. Na hau taksi na dawo. Babana na bakin ƙofa yana shirin komawa Maraɗi, ya tambaye ni ina na je da sassafe haka, na ce wani aike na Gwaggo na kai. Ya ce madalla, Allah ya yi mini albarka, ai ita ba ta son a bar aiki rabi.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa, ya hutar da ƙafafun da suka yi shekaru suna zagaya filin lakwal. Ɗaruruwan yara sun san ƙasarsu ta dalilinta, wannan babu mai ƙwace mata. Amma shekara talatin da wani abu tana neman gafarar rana ɗaya, ba ta san ranakun da suka biyo baya ne suka yi ɓarnar ba. Akwai mace ɗaya da za ta iya gaya mata, ta kuma yafe mata tana ji da kunnenta, kuma tana nan Gudel inda aka ce tana. Gwaggo ta tafi tana yi mini sannu da wahalar da ban sha ba.